Sifirin Takwas

A Jega, bayan tashar motocin Aliero,
inda warin albasa ke cuɗanya da na baƙin mai,
nan rumfar Arzika take, kwano huɗu da tsohuwar taya.
Ni ne yaron da ke miƙa sifana.

Ran Talata Mainasara ya kawo Fijonsa,
akori-kurar da ta tsufa a ƙarƙashin buhuna.
Ya kai ta Sakkwato an yi mata aikin ciki:
an rarake silinda, an aske kan injin,
an sa mata kamshaf mai dogon tozo
da ke danna bawul ya wage baki har maƙogwaro.
"A hankali lafiya lau," in ji shi,
"amma in na taka ta a miƙen hanyar Koko
sai ta kama kaɗa haƙora kamar mai masassara,
ƙarfin ya tsiyaye, ina ji ina gani."

Arzika ya gama tauna goronsa tukuna.
Ya zare sifirin guda, ya matsa shi a tafin hannu.
"Kai dai ka ƙara wa rijiya zurfi,
ka bar guga da tsohuwar igiya.
Tozo ya tura bawul ƙasa, wa zai maido shi?
Wannan. In ya makara, fistin na tafe,
shi kuwa fistin bai san sallama ba."

"To sa mini mafi tauri a kasuwa!"

"In sa maka, ya cinye tozon kam kafin kaka,
ka dawo kana zagina da garin ƙarfe a cikin mai?"

Aka aike ni shagon Obinna, na dawo da kala uku,
aka sake aike ni wurin masu casar shinkafa
in aro sikeli, da alkawarin maido shi kafin la'asar.
Muka ɗora sifirin a kai, muka danna da jak,
Arzika na duban allura, ni ina rubutu
da gawayi a jikin ƙyauren mota.

Na farko laushi gare shi kamar dafaffen rogo.
Na biyu ya yi taurin kai, allura ta zarce,
kuma tun tozo bai kai ƙarshen tafiyarsa ba
zobbansa sun rungume juna, babu sauran wurin numfashi.
"Irin wannan ke karya sanda cikin dare," in ji shi,
ya jefa mini shi a cinya.

Na uku muka daɗe a kansa.
Ya auna shi a zaune, bawul na rufe,
ya auna shi a durƙushe, bawul na buɗe,
ya zura siririyar waya tsakanin zobe da zobe,
ta wuce, da ƙyar, amma ta wuce.
Bakwai suka zo daidai.
Na takwas ya gaza da kaurin farce,
ya yi masa matashi da washa guda.

Mainasara ya ƙirga kuɗi yana ƙunƙuni,
wai ƙarfen da bai kai ɗan yatsa ba ya ci buhun albasa.

Bayan la'asar muka hau hanya, ni a baya.
Ya taka, ya ƙara takawa.
Na jira haƙoran nan, ba su zo ba,
murya ɗaya tak, doguwa, har gadar gulbi,
gonakin shinkafa na gudu da baya.
Arzika bai yi murmushi ba, kunnensa na aiki.
Can ya ce, "Juya. Sikelin mutane."

Tsofaffin takwas ɗin suna wurina
a gwangwanin tumatir, ƙarƙashin gado.
Wani dare nakan ɗauki ɗaya in matsa.
Har yanzu yana maido mini da yatsa,
a hankali, da saurin zamaninsa.
Shekara ashirin yana rufe ƙofa a kan lokaci
kafin a canza masa lokacin.